Yadda Ake Tokare Mota Kafin a Shiga Ƙarƙashinta

Mun saba ganin ƙafafun bakanike sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ita kuwa tana tsaye a kan jak ɗaya tal, ko a kan bulo biyu da aka ɗora wa guntun katako. Sabo ne ya sa abin ya daina tayar mana da hankali. Corolla da muke kira ƙaramar mota nauyinta yana tsakanin kilo 1,200 da 1,400, Hilux da Sienna kuwa suna wajen tan 2. Idan wani ɓangare na wannan nauyin ya sauka a ƙirjin mutum, numfashi ba zai shiga ba, kuma ko ihun neman taimako ba zai iya yi ba. Mintuna kaɗan sun isa. Saboda haka ƙa'idar da komai zai rataya a kanta a nan ita ce: jak ɗaga mota yake yi, wani abu daban ne zai riƙe ta. Kafin nauyin motar ya zauna a kan wannan abin, ko hannu kada ka zura, balle kai.

Me ya sa jak kaɗai ba ya isa

Jak ɗin da ke zuwa da mota a but, mai kama da almakashi, an yi shi ne don canza taya a bakin hanya. Gindinsa ɗan ƙarami ne, kuma duk nauyin yana kan zaren ƙusa guda ɗaya. Motar ta ɗan motsa gefe, sai ya kwanta. Littafin da ke zuwa da mota yana gargaɗi ƙarara cewa kada a shiga ƙarƙashinta alhali jak ne kawai ke riƙe da ita.

Jak mai aiki da mai, ko na kwalba ko mai tayoyi da ake turawa, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma abin da ke hana shi sauka roba ce ƙarama da ke toshe mai, da kuma bawul ɗin sakewa. Roba tana tsufa, ƙura tana shiga, zafi yana busar da ita. Wani lokaci jak ɗin yana sauka a hankali har ba ka lura, wani lokaci kuma ya saki gaba ɗaya. Ƙafar wani ta taɓa sandar ma ya isa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta taɓa ƙiyasta, a wani rahoto na 1998, cewa sama da mutum 4,800 ne aka kai asibiti cikin shekara guda saboda raunin da ya shafi jak. A ƙasar da galibin gareji ke da daɓen kankare ke nan.

Kayan da za ka tanada

Na farko sitan guda biyu aƙalla, wato ƙarfen nan mai faffaɗan gindi da sanda a tsakiya wadda ake ɗagawa a kulle. Iri biyu ne aka fi samu: mai ramuka da ake zura fil, da mai haƙora da wani harshe ke kamawa. Ni na fi natsuwa da mai fil, ko mai haƙoran da aka ƙara masa fil, domin idonka yana ganin abin da ke riƙe da nauyin. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye sitan kusan miliyan 1.7, masu ɗaukar tan 3 da tan 6, saboda harshen yana iya zamewa daga haƙora idan nauyi ya motsa. Sabon kaya ma sai an duba shi ke nan.

Karanta nauyin da aka rubuta a jiki. Kamfanoni da yawa suna nufin abin da guda biyu za su ɗauka tare, don haka kada ka ɗauka kowane ɗaya zai ɗauki tan 3 don an rubuta tan 3. Ga ƙaramar mota, masu tan 2 ko 3 sun wadatar. Ga Hilux, Land Cruiser ko bas, nemi masu tan 6, don ƙarfinsu da kuma tsayinsu da faɗin gindinsu. Idan na hannu ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, juya shi ka duba walda, ka ga babu tsagewa, babu ƙafar da ta lanƙwashe, kuma fil ɗin nasa ne na asali. Ƙusa, sukudireba ko wani tsohon guntun ƙarfe ba su maye gurbin fil. Wanda mai walda ya haɗa da bututun da aka tsinto, ba wanda ya auna ƙarfinsa, har shi mai waldar.

Sai jak mai lafiya wanda ba ya yoyon mai, da waigi biyu, wato abin da ake tokare taya da shi don kada ta gangara, da faffaɗan katako mai kauri, da fitila, da sifanar taya.

Bari in tsaya a kan bulo, domin shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. Bulon siminti yana ɗaukar nauyin gini ne saboda nauyin ya bazu a kansa gaba ɗaya kuma an ɗaure shi da 'yan'uwansa. Ƙarfen mota kuwa wuri ɗaya yake dannawa. Bulo ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, ba ya ba ka alamar komai. Yana tsaye lafiya lau, sai kawai ya ruguje kamar ƙanzo. Mun kuma san yawan yashin da ke cikin bulon kasuwa. Jan bulo, tubali, dutse da tsohon batir duk hukuncinsu ɗaya.

Idan ba ka da sitan kuma aikin ya zama dole, itace ya fi bulo. Amma sai mai tauri kuma lafiyayye, irin maɗaci ko ƙirya, wanda aka yanke da kusurwa huɗu, kaurinsa inci 4 ko fiye, ba ruɓa ba tsagewa ba cin gara. A kwance ake jera shi, biyu ta nan, biyu a gicciye a kansu, haka har ya kai tsayin da ake so, kuma tsayin kada ya wuce faɗin gindin. Kada ka tsayar da gungume a kan bakinsa ka sauke mota a kai, ƙarfe zai iya tsaga shi yadda gatari ke yi.

Wurin da za a yi aikin

Daɓen kankare mai lebur shi ne na gaba. Gangare, komai ƙanƙantarsa, a bar shi. Idan kana shakka, saki birki ka sa giya a firi ka ga ko motar za ta motsa da kanta.

Galibinmu a kan ƙasa muke aiki, kuma nan ne matsalar take. Ƙafafun sitan suna da kaifi, suna nutsewa a yashi, kuma ba tare suke nutsewa ba. Ɗaya ta shiga, sitan ya karkata. Ƙasar da ta yi tauri da rani tana laushi da damina, ko da samanta ya bushe. Kwalta ma tana laushi a zafin Afrilu da Mayu. Maganin shi ne ka share wurin, ka daidaita shi, ka shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ko farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowane sitan, ya fi gindinsa faɗi ta kowane gefe. Jak ma haka. Idan ƙasar tana nutsewa a ƙarƙashin dugaduganka, tura motar wani wuri.

Mataki na farko: hana ta gangarawa

Kashe injin, zare makulli, sa shi a aljihunka. Sa giya a P idan otomatik ce, ko giya ta ɗaya idan mai kulochi ce. Ja birkin hannu har ƙarshe. Fitar da kowa daga ciki, da kaya masu nauyi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don suna ganin an gama. Birkin hannu a galibin motoci tayoyin baya kaɗai yake kamawa. P da giya kuwa tayoyin da injin ke juyawa suke kamawa. A mota mai jan gaba, irin Corolla, Camry, Golf da Civic, da ka ɗaga gaba P ya tashi daga aiki, da ka ɗaga baya birkin hannu ya tashi daga aiki. A mota mai jan baya, irin Hilux, Hiace, Fijo 504 da yawancin Marsandi, su biyun duk a tayoyin baya suke, don haka da ka ɗaga baya babu abin da ke riƙe da motar ko kaɗan. Ko taya ɗaya ka ɗaga daga cikin masu jan motar, giya ba ta ƙara riƙewa, domin wadda ke sama za ta iya juyawa ta bar ta ƙasa ta gangara.

Waigi ne ke rufe wannan ƙofar. Sa shi a tayoyin da za su zauna a ƙasa, gaba da baya, ka buga shi da ƙafa ya matse. Yaran manyan motoci sun fi kowa sanin darajarsa. Ƙaramin dutse mai santsi ba waigi ba ne, taya tana haye shi ko ta tura shi.

Idan za ka cire taya, sassauta notocinta yanzu, kwata ko rabin juyi, tun tana ƙasa. Kokawa da noti mai tauri bayan mota ta tashi shi ke jijjiga ta.

Mataki na biyu: gano inda za a dafa

Ba ko'ina ne a cikin mota ke ɗaukar nauyi ba. A ƙananan motoci, durƙusa ka duba ƙasan ƙofa: akwai wani siririn ƙarfe da ya bi tsawon motar inda aka haɗe bodi. Bayan tayar gaba kaɗan, da gaban tayar baya kaɗan, za ka ga 'yan tsaga biyu ko wata alama. Tsakaninsu ne aka ƙarfafa don ɗagawa. Ban da waɗannan huɗun, motoci da yawa suna da wuri a tsakiyar gaba, a kan kakkauran ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashin injin, da wani a tsakiyar baya. Littafin motarka ya zana su. Idan ya ɓata, ana samunsa a intanet da sunan mota da shekararta.

Motoci masu shasi daban, irin Hilux da Land Cruiser, sitan yana zama a ƙarƙashin dogayen ƙarafan shasi, a inda suke miƙe, ko a ƙarƙashin bututun aksul na baya, wato wanda ya haɗa tayoyin baya biyu, kusa da sifirin.

Wuraren da ba a taɓawa: kaskon baƙin mai, kaskon giyabos, tankin mai, salansa, ƙarfen da ke ɗauke da lagireto, sandunan sitiyari, bamba, da falon da ƙafa ke takawa. Wasu za su lotse su jawo maka asara, wasu kuma za su zame su jawo abin da ya fi asara. Motar lantarki batirinta a shimfiɗe yake a ƙasa, don haka ba a yi mata kintace, sai an duba littafi. Mota mai haɗa fetur da lantarki irin Prius kuwa, tabbatar alamar READY ta mutu, domin injinta yana iya tashi da kansa. Mota mai sifirin iska da ke daidaita tsayinta, irin wasu Range Rover da Lexus, a kashe wannan tsarin kafin a ɗaga.

Akwai kuma tsatsa. Motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas, da yawansu sun yi shekaru a Kanada, arewacin Amurka ko Turai inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Fenti yana ƙyalli a sama, ƙasa kuwa ta cinye. Ƙwanƙwasa wurin da sukudireba. Idan yana ɓarewa ko yana shiga, nemi wani wuri mai ƙarfi.

Mataki na uku: ɗagawa

Ka riga ka yanke shawarar inda jak zai dafa da inda sitan zai zauna, domin su biyun ba za su raba wuri ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce jak ya ɗaga daga tsakiyar gaba ko tsakiyar baya, sitan biyu su zauna a wuraren gefe, hagu da dama.

Daidaita kan jak ya zauna cif a ƙarƙashin wurin. Ɗaga a hankali har ya taɓa, tsaya ka leƙa, sannan ka ci gaba. Kunnenka ya kasance a buɗe. Ƙarar ƙarfe na lotsewa tana nufin ka sauke ka sake dubawa.

Jak mai tayoyi yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani. Hannunsa ba ya tashi a miƙe, da lanƙwasa yake tashi, don haka dole jikin jak ɗin ya riƙa mirginawa zuwa ƙarƙashin mota yayin da take hawa. Idan tayoyinsa sun maƙale a yashi ko tsakuwa, motar ce zai janyo zuwa wajensa, ko kansa ya zame. Shi ya sa yake buƙatar shimfiɗa mai santsi da tauri.

Kada ka ɗaga fiye da abin da aikin ke buƙata. Duk ƙarin tsayi ragin natsuwa ne.

Mataki na huɗu: zaunar da ita a kan sitan

Tura sitan da hannu daga gefe, kanka da kafaɗarka suna waje. Ɗaga sandarsa zuwa tsayin da ya dace, zura fil har ya fito ta ɗaya gefen, ko ka tabbatar harshen ya faɗa cikin haƙori sosai. Na hagu da na dama su zama tsayi ɗaya; ƙirga ramukan. Bakin sitan ya rungumi ƙarfen, kada ƙarfen ya zauna a gefen bakin.

Saki jak a hankali, a hankali sosai, har nauyin ya sauka. Durƙusa ka duba kowane sitan: sandar a miƙe take? Duk ƙafafun suna ƙasa? Idan ƙafa ɗaya ta ɗaga ko da kaurin takarda ne, sake ɗagawa ka gyara. Kada ka daki sitan da guduma don ya miƙe alhali yana ɗauke da nauyi.

Idan gefe-gefe kake ɗagawa, ko kana son duk tayoyi huɗu su tashi, kula da wannan: ɗaga gefe na biyu yana jan motar, yana karkatar da sitan ɗin da ka sa da farko. Bayan kowane ɗagawa koma ka duba na baya. Idan tsayin da kake so yana da yawa, hau shi kashi biyu, ka fara da ƙasa-ƙasa a ko'ina sannan ka ƙara.

Mataki na biyar: girgiza ta, sannan ka ƙara mata tsaro

Tsaya a gefe, ƙafafunka nesa da ƙarƙashi, ka tura motar da ƙarfinka, gaba da baya, hagu da dama. Kada ka ji tausayinta. Idan za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu. Motar da ta zauna daidai ji za ka yi kamar an dasa ta.

Bayan haka ƙara abu biyu. Mayar da jak ya ɗan taɓa wurin ɗagawa, ba tare da ya karɓe nauyin daga sitan ba. Sannan tayar da ka cire, ko safaya, kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar kusa da inda za ka kwanta, ka ɗora mata kakkauran katako idan akwai sarari. Ba ita ke riƙe motar ba, amma idan komai ya ci amana, za ta bar maka ratar da ƙirji zai yi numfashi.

Na san abin da ake cewa a gareji: aikin minti biyu ne, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba babu abin da zai same shi. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke koyon aiki, domin su ake turawa ƙasa, kuma ba su da bakin cewa oga a kawo sitan. Maigidan gareji, wannan nauyin a wuyanka yake. Iyayensu amana suka ba ka.

Kana ƙarƙashi

Mota da ta zauna lafiya tana iya tashi daga zamanta saboda aikin da kake yi. Noti mai tauri da ka sa wa dogon bututu kana fizga yana tura motar gefe. Jiƙa shi da mai tukuna, ka ja a hankali, kuma inda hali ya yi ka ja zuwa ƙasa maimakon gefe. Cire abu mai nauyi, kamar giyabos, injin ko aksul na baya, yana canza ma'aunin motar, har gefe ɗaya ya yi sauƙi ya ɗaga. Kafin irin wannan aikin, tokare ta a wuri huɗu.

Farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, tana da nata haɗarin. A mota mai jan baya da ke tsaye a kan tayoyinta, ko a kan gadar hawa, ko a bakin rami, P yana riƙe ta ne ta hanyar farfela. Da ka kwance ƙusoshinta ka raba tayoyi da giya, kuma kai ne a kwance a hanyar motar. Waigi da birkin hannu kafin ka taɓa ƙusa ta farko.

Kada kowa ya shiga motar, ya jingina da ita, ko ya tayar da injin. Kore yara daga wurin. Bari salansa ta huce. Idan rami kake amfani da shi, tuna tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan ramin yake taruwa, don haka ba sigari ba walda. Kuma kada ka yi wannan aikin kai kaɗai a gida ba wanda ya sani. A samu babba a kusa wanda ka nuna masa yadda jak ɗinka ke aiki, sandar jak ɗin kuma tana jikinsa.

Saukewa

Fitar da kayan aiki, leƙa ka tabbatar ba mutum ba dabba. Mayar da taya, ɗaura notoci da hannu har su kama. Janye safayar da ka kwantar. Ɗaga motar kaɗan ta bar sitan, zare su daga gefe, sannan ka sauke a hankali. Tana ƙasa ne za ka ƙarasa ɗaure notoci, kana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Corolla da Camry da yawa ma'aunin ɗaurinsu 103 Nm ne a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, amma duba na motarka. Waigi shi ne na ƙarshen fita. Idan ka taɓa birki a aikin, taka shi sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa.

Idan mota ta danne wani

Kada a ja shi ta ƙafa. A ɗage nauyin tukuna, da jak ko da ƙarfin jama'a, wani kuma yana cusa katako ko taya a ƙarƙashi yayin da take tashi don kada ta dawo. A zaro shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya. A Najeriya a kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra. Idan ba ya numfashi, wanda ya iya danna ƙirji ya fara nan take. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin zubar jini a ciki da raunin huhu suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su nuna kansu. Kada a ba shi ruwa ko abinci a hanya, ana iya buƙatar yi masa tiyata.